Yadda ake duba gaɓoɓin mai hemofiliya da radiyo, eko da IRM

Yaro ɗan shekara 7 ya kwanta lafiya, gari ya waye gwiwarsa ta kumbura ta yi zafi, bai faɗi ba, ba a buge shi ba. A ɗauko shi daga wajen Tasawa ko Dakwaro zuwa Maraɗi, a yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, a ɗaga fim ga haske a ce wa uban: "Malam, ƙashi lafiya lau, ku koma gida." Ba a yi ƙarya ba, ƙashin lafiya yake. Amma in yaron nan hemofiliya gare shi, ɓarnar ba daga ƙashi take farawa ba, kuma radiyo ba ya ganinta sai ta shekara da shekaru tana ci. Wannan bayani na ma'aikatan lafiya ne da ke aika mutane hoto, da masu riƙe na'urar, da iyayen da ke son gane abin da aka rubuta musu.

Abin da ke faruwa cikin gaɓar

Hemofiliya ciwon gado ne na rashin daskarewar jini. Sinadaran da ke sa jini ya daskare ana ce musu faktar: mai nau'in A faktar 8 ce ta yi masa ƙaranci, mai nau'in B faktar 9. Ta wajen uwa yake bi ya kama ƴaƴa maza, shi ya sa ake tambayar labarin kawunnan yaro, ko akwai wanda jininsa ya ƙi tsayawa ranar kaciya. Wajen namiji 1 cikin 5,000 ake haifa da nau'in A. Wanda faktarsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba shi ne mai tsanani, shi ne jini ke zubar masa a gaɓa haka kawai. Kashi 70 zuwa 80 na zubar jinin masu wannan ciwo cikin gaɓa yake, kuma gaɓoɓi shida ne suka fi shan wuya: gwiwoyi biyu, gwiwoyin hannu biyu, idon sawu biyu.

Cikin kowace gaɓa akwai tantani siriri da ya lulluɓe ta, shi ke fitar da ruwan da ke sa ta santsi. In jini ya zuba, tantanin nan ne ke shanye shi. Sau ɗaya ko biyu yana iyawa. In abin ya yawaita sai ƙarfen da ke cikin jini, wanda ake kira hemosiderin, ya taru a jikinsa kamar tsatsa, ya kumbura, ya yi kauri, ya tsiro ƙananan jijiyoyin jini marasa ƙwari. Su kuma da ɗan motsi sai su fashe, jini ya sake zuba. Daga nan guringuntsi ya fara cinyewa, can daga baya ƙashi ya bi. Gaɓar da ta zubar da jini sau 3 ko fiye cikin wata 6, ba tare da rauni ba, ta shiga wannan zagaye, ita ce ake sa wa ido fiye da sauran. To a riƙe jerin nan: tantani, guringuntsi, ƙashi. Eko, wato hoton sauti irin wanda ake yi wa masu ciki, yana ganin na farko da wani sashe na biyu, IRM, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, yana ganin duka, radiyo na ƙarshe kawai yake gani da kyau.

Hoto ba ya tabbatar da cewa mutum na da hemofiliya. Wannan aikin gwajin jini ne: cikin gwaje-gwajen daskarewar jini biyu, TCA ya yi tsawo, TP daidai, sannan a auna faktar.

Magani tukuna, hoto daga baya

Wanda aka san yana da hemofiliya, in ya ce yana jin ɗumi ko tsikari cikin gaɓa, ba a zaunar da shi a layin radiyo. Faktar ake fara yi masa ta jijiya, in da hali cikin awa 2. Lissafin ba wuya: kowane awo 1 na faktar 8 a kan kilo 1 na nauyin jiki yana ɗaga ta da kashi 2 cikin 100 a jini, na faktar 9 kuwa da wajen 1. Yaro mai kilo 20 da ake son kai faktarsa 50, awo 500 na faktar 8 zai sha, in nau'in B ne wajen awo 1,000. Jagorar Ƙungiyar Hemofiliya ta Duniya ta 2020 ta ce a kai faktar 40 zuwa 60 ga zubar jini a gaɓa inda magani ya wadata, 10 zuwa 20 inda ya yi ƙaranci. Likita ne zai yanke wanda za a bi. Kafin nan a kwantar da gaɓar, a ɗaga ta, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20.

Abin da ya fi ɓata mana gaɓoɓi a nan kuwa tun kafin a iso asibiti yake faruwa. Kumburi ya kai yaro gun wanzami a yi sakiya ko ƙaho ko tsaga, ko gun maɗori a ja a murza, ko a sayo aspirin da ibuprofen da diclofenac a kan tire. Duk waɗannan ƙara zubar jini suke yi. Paracetamol ake ba shi, kuma ba a yi masa allura a tsoka. Mai ɗaukar hoto ya tambayi abin da aka riga aka yi wa wurin, ba da faɗa ba, don tsaga kan shigar da ƙwayar cuta, kuma hakan na canja yadda za a karanta hoton.

Radiyo

Radiyo, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa eksire, shi ya fi samuwa kuma shi ya fi araha. Amfaninsa uku ne: a cire shakkar karaya in an faɗi, a auna ɓarnar da ta riga ta yi nisa, a shirya tiyata. Ba a yin sa don kowane kumburi.

A rubuta wa mai hoto fuska biyu, ta gaba da ta gefe. Gwiwa da idon sawu a tsaye ake ɗaukarsu in mutum na iya tsayawa, domin a kwance tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa kan buɗe ta ɓoye cinyewar guringuntsi. Ga yaro a ɗauki gaɓar ɗaya ɓangaren don kwatanci. Gaɓar da ke cike da jini ba a tilasta mata miƙewa don hoto ya yi kyau, a ɗauka yadda take, a rubuta haka. Suna, kwanan wata da alamar dama ko hagu su fito a jikin fim ɗin.

Wajen karantawa akwai ma'aunin Pettersson, likita ɗan Suwidin da ya fitar da shi a 1980. Abu takwas ake dubawa, jimla maki 13 ga kowace gaɓa. Uku maki 1 kowanne: ƙashi ya yi fayau ya rasa ƙwari, kan ƙashi ya girma fiye da na ɗaya ɓangaren, gefen gaɓa ya zaizaye. Biyar kuma har maki 2 kowanne: fuskar ƙashi ta yi kaushi, tazarar gaɓa ta tsuke, ƙananan ramuka sun fito ƙarƙashin guringuntsi, fuskokin biyu ba su hau juna daidai ba, gaɓar ta karkace. Kowace gaɓa da alamarta: a gwiwa tsagar da ke tsakanin kawunan ƙashin cinya kan faɗaɗa, gindin ƙoƙon gwiwa ya yi kusurwa huɗu. A gwiwar hannu kan ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa kan yi girma har ya hana juya tafin hannu. A idon sawu ƙashin da ƙwauri ke zaune a kansa kan baje.

Yara na da tarko biyu. Layin girma da ke kusa da kan ƙashi baƙi yake fitowa, wanda bai saba ba sai ya ce karaya ce. Gwiwar hannun yaro kuma tana da ƙananan ƙasusuwa shida da ke bayyana bi da bi tun daga shekara 1 har wajen 11, ana iya ɗaukarsu ɓaraguzan karaya. Fim ɗin ɗaya hannun ke raba gardama. Maki 0 a ma'aunin nan kuwa ba shaidar lafiyar gaɓa ba ne, cewa kawai yake ƙashi bai taɓu ba tukuna.

Eko

Nan ya kamata a fi ba da ƙarfi, domin na'urar eko ta bazu a garin nan saboda awon ciki, ba ta da hasken da ke cutarwa, ba sai an sa yaro barci ba, kuma ana iya maimaitawa ko kowane mako. Sai dai sondi, wato kan na'urar da ake ɗorawa a jiki, na awon ciki, mai lanƙwasasshen baki, mai megahaz 3 zuwa 5, zurfi aka yi shi ya gani, ba ya fitar da guringuntsi mai kaurin milimita 2. Gaɓa sondi mai miƙaƙƙen baki take so, na megahaz 7 zuwa 15. Kafin a aika mutum daga Madarunfa ko Gidan Rumji ya kashe kuɗin mota, a buga waya a tambaya ko suna da shi. A saita zurfi santimita 3 zuwa 4, a zuba jel da yawa, hannu ya yi sauƙi.

Akwai tsarin da Carlo Martinoli da abokan aikinsa suka fitar a Italiya a 2013, sunansa HEAD-US. An yi shi don likita ko mai gashin ƙashi da ba ƙwararren hoto ba ya iya koya, ya duba gaɓoɓin nan shida cikin ɗan lokaci. Ga yadda ake bin sa.

Gwiwa: a kwantar da mutum rigingine, a naɗe zane a sa ƙarƙashin gwiwar ta ɗan lanƙwashe kamar digiri 30. A ɗora sondi a tsaye bisa ƙoƙon gwiwa, yana kallon cinya. Za a ga jijiyar cinya mai zare-zare a sama, farin layin ƙashi a ƙasa, kitse biyu a tsakani, da wani siririn aljihu tsakanin kitsen. A lafiyayyar gwiwa aljihun kusan a rufe yake. In ya buɗe, abin da ke ciki ake son sani. Daga nan a juya sondi a gicce a duba gefe da gefen ƙoƙon, domin ruwa kaɗan can yake gudu ya ɓuya. Sai a lanƙwasa gwiwar iyakar yadda za ta iya ba da ciwo ba, a gicciya sondi saman ƙoƙon, a ga kwarin da ƙoƙon ke zamewa a ciki. Lafiyayyen guringuntsi kamar an ja kwalli ne a kan farin layi: baƙi, sumul, kaurinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya fara cinyewa kan yi toka-toka, gefensa ya dushe, wani wuri ya sirance ko ya ɓace.

Gwiwar hannu: a miƙe hannu a kan tebur, tafi na kallon sama. A gicciya sondi a gaba don guringuntsin ƙarshen ƙashin damtse, wanda ke fitowa kamar igiyar ruwa, sannan a tsayar da shi ta ɓangaren babban yatsa da ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Sai a lanƙwasa hannun digiri 90, tafi a kan tebur, a duba ramin da ke baya. Nan jini ya fi taruwa, yana tura kitsen wurin sama.

Idon sawu: a kafa tafin ƙafa a kan gado, gwiwa a lanƙwashe. Sondi a tsaye a gaba don aljihun gaɓar, a gicce don guringuntsi, sannan a leƙa gaɓar da ke ƙasa da ita ta gefe da ta baya. Idon sawu ake yawan tsallakewa, alhali ga yaron da ya fara gudu da ƙwallo sau da yawa shi ke fara lalacewa.

Babbar tambaya a kowane aljihu ita ce: ruwa ne ko tantani? A danna sondi a hankali ana kallon allo. Ruwa ko jinin da bai daskare ba sai ya gudu gefe, aljihun ya rufe, in an saki ya dawo. Tantani mai kauri tsayawa yake cak. Sabon jini kan fito da ɗigo-ɗigon fari da ke yawo in an girgiza, kamar ƙura cikin hasken taga, bayan kwanaki ya koma baƙi ko ya yi gudaji. Gudajin da ya manne yana kama da tantani sosai, saboda haka ba a ba tantani maki lokacin da gaɓa ke cike da jini. A bari kumburin ya saɓe, a sake dubawa bayan ƴan makonni.

Makin HEAD-US 8 ne ga kowace gaɓa. Tantani 0 zuwa 2: babu, matsakaici, mai yawa. Guringuntsi 0 zuwa 4: 1 in ɓarnar ba ta kai kwata na fuskar da ake dubawa ba, 2 in ta kai har rabi, 3 in ta haura rabi, 4 in ya ƙare. Ƙashi 0 zuwa 2: sumul, ɗan kaushi, ko ya lalace da tsiro a gefe. Gaɓa shida, jimla 48.

Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Nauyin hannu shi ne na farko, mai dannawa da ƙarfi ya kori ruwan da kansa sannan ya rubuta babu. Na biyu karkata sondi: jijiya ko guringuntsi in ba a tsaya musu daidai ba sukan canja launi, a ga ciwo inda babu. Na uku shi ya fi yawa ga yara. Kan ƙashin ƙaramin yaro guringuntsi ne zalla, ƙoƙon gwiwa ma ba ya fara zama ƙashi sai tsakanin shekara 3 da 6, a allo kuwa baƙi ne mai kauri, sai a ce ruwa ne ya cika gaɓa. A danna: guringuntsi ba ya motsi, kuma yana da ɗan ɗigo-ɗigo a ciki. A kwatanta da ɗaya ƙafar. Na huɗu mantawa da ajiye hoto. A daskarar da kowace fuska a adana nan take, da suna da ɓangare, kada wuta ta ɗauke a tashi a tutar babu.

Eko na da iyaka. Ba ya ratsa ƙashi, don haka tsakiyar gaɓa inda nauyi ke sauka da ramukan cikin ƙashi a ɓoye suke gare shi. Kuma ba ya iya rantsuwa cewa abin da ke cikin aljihu jini ne ba mugunya ba. Wannan na da nauyi a ƙasarmu, inda sikila ta yi yawa kuma ciwon ƙashi mai ƙwayar cuta ba baƙo ba ne ga yara. Gaɓa mai zafi da zazzaɓi, ko wadda aka yi wa tsaga, ko wadda ba ta yi sauƙi ba bayan kwana 1 zuwa 2 ana ba da faktar, likita ya sake tunani: ko mugunya ce, ko karaya, ko jikin ya fara kashe faktar da ake ba shi. In za a zuƙo ruwan da allura, sai an ɗaga faktar tukuna, cikin tsabta sosai.

Ga manya kuma wani amfanin ne. Wanda gaɓarsa ta daɗe da lalacewa yana jin ciwo ko ba jini, shi kansa ba ya rarrabewa. Wani bincike da aka yi a San Diego ta Amurka a 2013 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na irin wannan ciwo majiyyaci ko likita suka faɗi sanadinsa daidai kafin a sa eko. Inda kwalbar faktar ke da wuyar samu, sanin cewa yau ba jini ba ne yana ajiye ta don ranar da ake buƙata.

Wuri ɗaya ne sondin awon ciki ke da rana. Yaro ya zo yana dafe da mara ko matsematsi, ya naɗe cinya ya ƙi miƙe ta, wani lokaci gaban cinyar ya yi sanyi ba ya ji. Jini ne kan zuba cikin tsokar da ta taso daga baya ta ratsa ƙugu. In ta dama ce kamanninta ɗaya da afandisit. A duba tsokar ta ɓangare biyu a kwatanta girmansu kafin a yi maganar wuƙa, faktar kuwa da yawa take so kuma na kwanaki.

IRM da sikana

IRM, ko MRI a bakin mutanen Najeriya, shi ne ya fi kowanne gani. A 2007 Marilyn Manco-Johnson da abokan aikinta a Amurka sun bi yara maza 65 har shekara 6: cikin waɗanda ake yi wa faktar a kai a kai don rigakafi, kashi 93 gaɓoɓinsu sun fito lafiya a IRM, cikin waɗanda sai jini ya zuba ake yi musu kuwa kashi 55. Sun kuma ga ɓarna a gaɓoɓin da iyaye ba su taɓa ganin sun kumbura ba. Amma yana da tsada, sai manyan asibitoci, wani lokaci da doguwar tafiya har Yamai, kuma gaɓa ɗaya kan ci minti 20 zuwa 45 ba motsi. A ajiye shi don lokacin da eko da abin da hannu ya ji suka saɓa, ko za a yi aiki a kan tantanin, ko ana zargin ƙugu. A takardar a rubuta hemofiliya ɓaro-ɓaro, a roƙi a haɗa da salon T2*, shi ke nuna tsatsar jini baƙi ƙirin, har yakan nuna ta fiye da girmanta. Yawanci ba a buƙatar allurar launi. A cire laya, guru, zobe da duk abin da ke da ƙarfe, a faɗa in akwai ƙarfe cikin jiki. Ƙaramin yaro in sai an sa shi barci, ta baki ko ta jijiya, ba ta tsoka ba.

Sikana, wato hoton radiyo mai nuna jiki yanki-yanki (CT), ba ta farkon ciwon gaɓa ba ce. Ranarta ita ce ranar da mai hemofiliya ya bugu a kai ko yake ciwon kai da amai, nan ma faktar ke gaba.

Abin da za a rubuta, da abin da zai biyo baya

Hoto ɗaya ba ya faɗin inda gaɓa ta dosa, sai an jera shi da na baya. A ware shafi a karne, wato littafin asibitin mara lafiya, layi shida don gaɓoɓi shida, kowane zuwa a sa kwanan wata, makin tantani, guringuntsi da ƙashi daban-daban, da iyakar miƙewa da lanƙwashewar gaɓar. Iyaye su riƙa rubuta ranar kowane kumburi da gaɓar da ya kama, ko da ajami ne. Fim a ajiye shi cikin ambulan nesa da rana da damshi. In za a tura wa likita ta waya, a manna shi a taga da rana, a kashe fitilar wayar, alamar dama ko hagu ta fito. Babba a duba shi ko sau ɗaya a shekara, yaro mai girma kowane wata 6, ko da ba ya kukan komai.

In tantani ya yi kauri, guringuntsi na 0 ko 1, gaɓar tana da sauran ceto, kuma nan ne maki ke zama hujjar neman faktar ta rigakafi na wasu watanni, ko da ƙaramin awo ne, tare da motsa jiki a hannun mai gashin ƙashi don tsokar cinya ta yi ƙarfi ta riƙe gwiwa. Haka za a gaya wa uban: "Baba, ƙashin yaronka bai taɓu ba, amma rigar da ke cikin gwiwar ta kumbura, ita ke jawo jinin. Kada a bari a tsaga ko a murza. Da ya ce yana jin ɗumi a wurin ku taho, ko da dare ne, ku riƙo karnen nan. In ba abin da ya faru, mu sake ganinku bayan wata 3 mu auna ta."